Ina Aka Samo Dawaki 40?

Ga kacici-kacici, wanda ya riga ya san amsar ya yi mana shiru tukuna. Mota ce BMW 318d ƙirar 2008, mai shan dizal. Takardar kamfani ta ce ƙarfinta doki 143 ne. Mai ita ya shigar da ita wani ɗan gareji a Ingila da hantsi, kafin azahar an miƙo masa makullinsa. Aka ɗora ta kan na'urar gwaji, tayoyinta na murza ƙarafan nan masu birgima, allo ya nuna wajen 180. Ba a kwance noti ko ɗaya ba. Mai garejin hannunsa fes, ko ɗigon baƙin mai babu a rigarsa. To dawakin nan kusan 40, daga ina suka fito?

Zaton farko shi ne wanda kowane bakanike zai fara yi: an musanya wani abu a ɓoye. Watakila an cire tobo, fankar nan da hayaƙin salansa ke juyawa tana cusa wa inji iska, an sa babba. Mu ɗaga bonet mu duba. Ƙurar da ke kan murfin inji tana nan yadda take. Notunan tobo sun yi tsatsa, babu shatin sifana a jikinsu. Kuma sauya tobo a wannan mota aikin yini ne, ana kwance wannan a ture wancan. Wannan zato ya faɗi.

To ko maganin ƙarfi aka tsiyaya a tanki? Ana sayar da irin waɗannan kwalabe a kowace kasuwar kayan mota, daga Landan har Kano. Nagarinsu na iya wanke nozul da ya toshe, mota ta dawo kusa da yadda take tana sabuwa. Amma ba su kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba. Ballantana ma man da ke cikin tankin na jiya ne.

Saura zato na uku, wanda ya fi su wayo: babu abin da ya ƙaru, zuciyar mai mota ce ke raya masa. Mutum ya biya kuɗi, dole ya ji ƙarfi. Kuma akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a totur, wadda in ka taka kaɗan sai ta shaida wa mota cewa ka taka da yawa. Mota ta zabura, direba ya yi murmushi, alhali ko doki ɗaya bai ƙaru ba. Da na so in tsaya a nan, amma na'urar gwaji ba ta da zuciyar da za ta raya mata komai. Da aka ɗora motar kanta da safe kafin a taɓa komai, ta ce 143. Ta ce 180 da rana. Akwai abin da muka tsallake.

Mu koma cikin motar. Ka durƙusa a gefen kujerar direba, ka leƙa ƙasan sitiyari. Akwai wani ɗan soket mai ramuka 16, wanda masu duba mota da kwamfuta ke soka wayarsu. Murfinsa a buɗe yake. A kan kujerar mai zaman banza kuwa akwai shatin ƙura mai kusurwa huɗu, daidai girman kwamfutar tafi-da-gidanka.

Nan ɓarawon ya shiga.

Tun 1986, lokacin da Bosch ya sa wa BMW 524td na'urar lantarki mai sarrafa famfon dizal, ƙarfe ya daina yanke hukunci shi kaɗai. A 1997 Alfa Romeo 156 ta zo da tsarin bututu guda mai tara mai da matsi ya rarraba wa nozuloli, daga nan komai ya koma hannun ƙwaƙwalwar mota, birenbos ɗin da makanikai ke faɗa. A cikinta akwai jadawalai. Wani ya ce idan direba ya taka totur kaza, inji na juyi kaza, a fesa mai kaza. Wani ya ce tobo ta matsa iska zuwa nan, kada ta wuce. Wani kuma aikinsa hana hayaƙi: ba ya barin mai ya fi ƙarfin iskar da ta shigo. Injin dizal dama yana shaƙar iska fiye da bukatarsa, don haka ƙarfinsa na bin yawan man da aka fesa. Ka ɗaga waɗannan lambobi, ka ƙara wa tobo matsi, sai ƙarfi ya tashi. Wannan shi ne rimaf, kuma masu sana'ar kan yi alƙawarin ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a injin dizal mai tobo.

Mun gano ƙofar da aka bi. Sai dai lamba ba ta ja mota. Idan rubutu kaɗai ya fito da dawaki 40, ashe dama suna ciki. Wa ya ɗaure su? Don me?

Yatsa ya nuna kamfani, kuma shaidun da ke kansa suna da nauyi. Injin wannan mota sunansa N47, girmansa cc 1,995. Shi ne a 316d yana ba da doki 116. Shi ne a 318d da 143. Shi ne a 320d da 177, shi ne kuma a 123d da 204. Girma ɗaya, silinda huɗu, farashi huɗu. Volkswagen ma ya yi haka da 1.9 TDI na Golf 4, wanda aka sayar daga doki 90 har 150. Ga wata shaidar daga Beljiyam, ƙasar da sunanta ya zama sunan motocin hannu a wajenmu. Can a shekarun baya harajin rajista na hawa ne bisa ƙarfin inji, saboda haka 2.0 TDI da maƙwabta ke saye da doki 140, su sai a rage musu shi zuwa 136 don ya tsaya ƙasa da layin haraji. Sannan duniya ba ta manta Satumban 2015 ba, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona cewa Volkswagen ya koya wa ƙwaƙwalwar motocinsa gane ɗakin gwaji, su rage guba a can su sake ta a titi. Kamfanin da kansa ya amsa cewa motoci wajen miliyan 11 abin ya shafa. Wanda ya iya wannan, ɗaure dawaki 40 zai gagare shi?

Shari'a kamar ta ƙare. Ƙaramar mota ita ce babbar, an dai sa mata takunkumi. Biya mai kwamfuta 'yan fam ɗari, ka tsira da dubban da za ka ƙara wa dillali. Haka mutane da yawa suka yarda, kuma da labarin ya tsaya ranar da aka fito daga gareji, da sun yi gaskiya.

Bai tsaya ba. Bayan wasu watanni motarmu na kan babbar hanya, cike da iyali da kaya, tana giya ta shida. Ga hawa a gaba. Direba ya taka. Allurar juyin inji ta yi tsalle sama. Allurar gudu ba ta motsa ba. Ya ɗaga ƙafa, ta dawo. Ya sake takawa. Ta sake tsalle. Sai wani ƙauri ya shigo ta tagar iska.

Kuloci ne ke zamewa. Amma wa ya taɓa kuloci?

Babu wanda ya taɓa shi, kuma matsalar ke nan. Abin da rimaf ya fi ƙarawa ba gudu ba ne, ƙarfin murɗawa ne, wanda ake aunawa da Nm. Kamfani ya saki 318d da 300, ya saki 320d da 350, mai kwamfuta kuwa kan tura ƙaramar ta wuce babbar. Faifan kuloci da filawil ɗin da ke bayansa ba su karanta sabon jadawalin ba. An zaɓe su ne don 300 da ɗan rara, kuma sun riga sun ci shekaru suna aiki.

Yanzu mu ajiye 318d da 320d gefe da gefe, mu kwance su da gaske. Daga waje tagwaye ne. A ciki, nozulolin ƙaramar na maganaɗisu ne, suna fesa mai da matsin bar 1,600. Na babbar irin na fiyezo ne, wani dutse da ke miƙewa idan lantarki ya taɓa shi, sun fi saurin buɗewa da rufewa, kuma matsinsu bar 1,800 ne. Tayar motarka ba ta kai bar 3 ba, ka kwatanta. Ita kuwa 123d mai doki 204 tobo biyu gare ta, da matsin bar 2,000. A Golf 4 ma, mai doki 150 ta zo da tobo dabam da babban lagireton sanyaya iska a gaban mota, inda ƙannenta ke da ƙarami a gefe. Akwai giyabos ɗin Volkswagen mai giya bakwai, DQ200, wanda iyakarsa Nm 250 ce, aka haɗa shi da 1.6 TDI mai doki 105 da ke ba da 250 cif. Ka ƙara wa wannan inji ƙarfi, ina rarar da giyar za ta ɗauka?

Shaidar da ta fi gamsar da ni daga hannun wanda ake tuhuma ta fito. BMW da kansa ya sayar da kayan ƙarin ƙarfi na 320d, wanda ke ƙara doki 20 kawai. Da rubutu ya isa, da rubutu zai sayar, ribar ta fi yawa. Amma a cikin kwalin akwai babban lagireton sanyaya iska da fanka mai ƙarfi. Mutanen da suka ƙera injin ba su yarda su ƙara doki 20 ba sai da ƙarin ƙarfe. Mai garejinmu ya ƙara kusan 40 da waya ɗaya.

Ga amsar, kuma tana da fuska biyu. Dawakin suna ciki, gaskiya ne. Kaɗan daga cikinsu ciniki da haraji ne suka ɗaure su, kamar huɗun nan na Beljiyam. Amma mafi yawansu ba ɓoye su aka yi ba, ajiye su aka yi. Rumbun tsimi ne, hatsin da maigida ba ya taɓawa da kaka don ya san akwai bazara. Injiniya bai san hannun da motarsa za ta faɗa ba. Bai san ko za a ja tirela da ita a kan duwatsun Ostiriya, ko za a manta da juyen mai, ko za ta kai kilomita 300,000 ba. Don haka ya bar tazara tsakanin abin da inji ke iyawa da abin da ake tambayarsa kullum. Tazarar nan ce ke shanye zafi. Ƙarin mai yana nufin ƙarin wuta a kan fistin, hayaƙi mai zafi a kan fikafikan tobo, ƙarin toka a matatar salansa wadda ta zama kamar dole a motocin dizal na Turai tun dokar Euro 5 ta 2009. Mai rimaf bai ƙirƙiri komai ba. Ya buɗe rumbun ne, ya auno maka naka.

A Ingila mai sanyi da tsabtataccen mai, mutum na iya cin rabin ajiyar nan ya yi shekaru lafiya. A nan ne labarin ya shafe mu, domin motocin nan idan sun tsufa Kwatano suke sauka. Iskar Afrilu a Sakkwato ko Damagaram, mai zafin digiri 40, ta fi ta digiri 15 sakayau da kusan kashi 8 cikin 100, ga shi ba ta sanyaya lagireto kamar waccan. Turai ta taƙaita sinadarin sulfa a dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, amma binciken ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan a 2016 ya sami samfuran da suka ninka haka fiye da sau 300 a Afirka. Ƙara da ƙurar hunturu, da lodin da ya wuce kima, da dizal ɗin da aka surka da kananzir. Ranar da injiniya ya yi wa tanadi, mu a cikinta muke tuƙi kullum. Ba banza ba direbobin Agadas suka riƙe Land Cruiser mai injin 1HZ: lita 4.2, silinda shida, babu tobo, doki wajen 130 kacal. Injin da ya ninka na BMW girma, bai kai 318d ƙarfi ba, kusan rabinsa ajiya ne.

To rimaf ko babbar mota? Ni ba na ƙin rimaf. Idan inji lafiyayye ne, kuloci sabo, mai aikin ya auna motar kafin da bayan, ya bar jadawalan kariya yadda suke, ya tsaya a ƙari kaɗan, mota takan yi daɗin tuƙi ƙwarai, musamman wajen wuce tirela. Volvo ma na sayar da irin wannan a ƙarƙashin sunan Polestar ba tare da garanti ya faɗi ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa mutum 318d ɗinsa ta zama 320d. Ba ta zama ba. Wanda ke bukatar ƙarfin nan kowace rana, don kaya ko doguwar tafiya, ya sayar da ƙaramar ya cika kuɗi, domin cikon nan nozul yake saya da tobo da kulocin da aka auna don aikin. Mai zama a Turai kuma ya haɗa da sauran lissafi. A Ingila wanda bai shaida wa kamfanin inshora ba na iya rasa diyya ranar haɗari, kuma cire matatar salansa na kayar da mota a gwajin shekara tun 2014. A Jamus ƙarin ƙarfin da ba a yi wa rajista ba yana soke izinin hawa titi. Kwamfutocin dillalan Audi da Volkswagen kuwa kan gane ƙwaƙwalwar da aka taɓa, su liƙa mata alamar TD1.

Saura tambaya ɗaya, ga mai shirin zuwa Kwatano. Rimaf ba ya barin shatin sifana, mun gani da idonmu. Motar dizal ɗin da dillali ke yaba maka, yana cewa "Alhaji, taka ka ji, ta fi sa'o'inta tashi", me ya sa ta fi su? Kafin ka biya, hau da ita titi, sa giya ta biyar tana tafiya a hankali, ka taka totur har ƙasa. Ido ɗaya a kan allurar juyin inji, wani kuma ya tsaya maka a baya ya duba launin hayaƙi. Sannan ka nemi mai kwamfutar da zai karanta ƙwaƙwalwar ya gwada ta da ta kamfani, ba mai goge fitilar gargaɗi kawai ba.