Ranar da Aka Yi wa Masu Sandar Ruwa Jarrabawa

A shekarun 1980 gwamnatin Jamus ta ba wasu malaman jami'a a birnin Munich kuɗi su binciko mata abu guda: da gaske akwai mutanen da sanda ke lanƙwashewa a hannunsu in sun taka inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa? Ba don nishaɗi aka yi tambayar ba. Hukumar ba da agaji ta Jamus ta wancan lokaci, GTZ, tana da injiniya mai suna Hans Schröter da ke nuna wurin haƙa rijiya da sanda, ya yi aiki a Siri Lanka da wasu ƙasashe, har da maƙwabciyarmu Nijar, ana ta yabon sa'arsa.

Sai aka samu wani sito mai bene. A ƙasa aka ɗora bututun da ruwa ke gudu a cikinsa bisa amalanke, ana tura shi inda kwamfuta ta zaɓa. A sama mai sanda zai bi layi mai tsawon mita 10, ya nuna inda bututun yake, bai gan shi ba. Mutum kusan 500 suka zo, aka tace 43 da suka fi burgewa, aka yi musu gwaji 843.

Akasarinsu sun sha ƙasa. Masu binciken, Farfesa Hans-Dieter Betz da abokan aikinsa, suka ce duk da haka mutum shida suna da baiwar. Da wani masani a Amurka, Jim Enright, ya sake lissafin, sai ya nuna cewa shidan ma ba sa maimaita sa'arsu, kuma wanda zai tsaya tsakiyar layi kullum ya ce "nan ne" da ya fi yawancinsu kusantar bututun.

To, me ya sa a fili sukan dace? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa irin ta garin Burkusuma. Masu sanda, da masu wayoyin tagulla biyu da ake gani a wajen haƙa burtsatse, suna maganar "jijiyar ruwa", wai siririyar hanya ce da in ka kauce mata da taku ɗaya ka yi asara. A ƙasar Sabon Birni da Isa ba haka ruwa ke zama ba. Shimfiɗe yake cikin yashi da tsakuwa, a jerin ƙasar da masana suka raɗa wa sunan Gundumi, da kuma fadamun Bunsuru da Gagare da Rima. Masanan Amurka Anderson da Ogilbee sun bayyana hakan a rahotonsu na 1973 kan ruwan ƙasar Sakkwato. Inda ruwa ke ko'ina, ko yaro ya jefa hularsa ya dace.

Tsohon maginin rijiya na Gobir bai buƙaci sanda ba. Yana duba inda gawo ya yi ƙiba, ya tambayi gaba nawa igiyar gugar maƙwabta take ci da bazara, kuma kowane kwandon ƙasa da aka jawo daga rami sai ya damƙa ya ji danshinsa, ya duba ko laka ta ƙare yashi ya fara. Wannan ilimi ne, don ana iya koyar da shi.

Saboda haka in gari ya haɗa kuɗin rijiya, kada a biya kowa don ya ce akwai ruwa. A tambaye shi a mita nawa, zai kai damina, kuma zai shawu?