Me Ya Sa Injin Yanke Itace Yake Karkata?

Idan injin yanke itace ya fara karkata a cikin gungume, yawancin masu aiki da shi sarƙa suke ɗora wa laifi. Su wasa ta, su sake wasawa, daga bisani su sayi sabuwa, amma karkatar tana nan. Sau da yawa matsalar tana jikin dogon allon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa.

A gefen allon akwai tsaga, da leɓɓa biyu dama da hagu. Ƙafafun sarƙar suna gudu cikin tsagar, jikinta kuma yana zamewa a kan leɓɓan, da gudun da kan kai mita 20 a daƙiƙa guda. Ƙarfe ne kan ƙarfe, mai ne kaɗai ke shiga tsakaninsu. Kaurin ƙafafun yakan kasance milimita 1.3, 1.5 ko 1.6, kuma dole ya dace da faɗin tsagar. Da zarar tsagar ta buɗe, sai sarƙa ta riƙa rangaji. Idan leɓe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, can yankan zai nufa. Idan kuwa leɓɓan sun gajarce har ƙafafun suna taɓa ƙasan tsagar, allon ya gama aiki. Kamfanin Stihl ya ce a manyan injuna masu sarƙa mai lambar girma .404, kada zurfin tsagar ya gaza milimita 7.

Abubuwa uku ne ke saurin kashe allo. Na farko dakusasshiyar sarƙa: mai aiki sai ya danna da ƙarfi, zafi ya ƙaru, har leɓɓan su yi shuɗi. Alamarta ita ce garin katako mai laushi maimakon ɓarɓashi. Na biyu ɗauri: sarƙa mai sako-sako tana dukan allo, wadda aka ɗame fiye da kima kuma tana cin hancinsa. Na uku tsohon baƙin mai, wanda ake zuba wa sarƙa don arha. Yana ɗauke da burbushin ƙarfe, kuma ba ya manne wa sarƙa. Idan ya haɗu da ƙurar hunturu da yashin da ke maƙale a ɓawon itace, ya zama dutsen wasa.

Maganin ba shi da tsada. Duk lokacin da aka wasa sarƙa, a juya allon, ƙasa ya koma sama. A kwashe dattin tsaga da na ƙofar mai, a goge kaifin da ya fito gefen leɓɓa da magagari. Bayan aiki a sassauta sarƙar, domin takan tsuke idan ta huce. Ƙaramar giya mai haƙora da ke jan ta kuwa, a canza ta bayan sarƙa biyu, don tsohuwar giya cikin ɗan lokaci take lalata sabuwar sarƙa.