Ko Kun Sani? Tudun Ƙasar da ke Dajin Turunku Ganuwa Ce

Wanda ya bar Kawo ya nufi Turunku, hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi, zai tarar da dogayen tudun ƙasa da itatuwa suka lulluɓe a gindin duwatsu. Wannan ragowar ganuwar tsohon birnin Turunku ce, mazaunin sarautar Zazzau kafin ta koma Kufena da Zariya. Tarihin baka ya danganta birnin da Bakwa Turunku, tsatson da Sarauniya Amina ta fito. Ita ake dangantawa da gina ganuwa a garuruwa, shi ya sa Hausawa ke kiran irin wannan gini ganuwar Amina.

Daga kwarin da ke bayan ganuwar aka haƙo ƙasar ginin, kwarin kuma ya zama tarko ga dawakin mahara. An zagaye fili mai faɗi har da gonaki da ruwa, domin mutane da dabbobi su jure idan an yi wa gari ƙawanya. Masu binciken kayan tarihi kan karanta rayuwar mazauna daga katangar tukwane, duwatsun niƙa da kashin tama da ke warwatse a wurin.

Noma da zaizayar ƙasa na cin ganuwar nan kowace damina. Kare ta haƙƙi ne a kanmu.