Jiran Sanarwa a Wayar Hannu: Hanyarta da Dalilan Jinkirinta

Abin da ake nufi da sanarwa a wannan maƙala shi ne ɗan gajeren rubutun nan da kan bayyana a fuskar waya, tare da ƙara ko girgiza, ba tare da mai wayar ya buɗe manhajar da ta aiko shi ba. Mutane da yawa kan zauna jiranta, amma kaɗan ne suka san hanyar da takan bi kafin ta iso.

A da, tilas kowace manhaja ta riƙa leƙawa da kanta, tana tambaya ko an aiko wani abu. Wannan yawan leƙe kuwa yana cinye batir. Saboda haka a 2009 kamfanin Apple ya buɗe wa wayoyin iPhone hanya guda ta tura sanarwa. Google ya bi sahu a 2010 domin wayoyin Android, sa'an nan ya sake tsarin a 2012, ya kuma sake shi a 2016.

Ga yadda abin yake. Idan an aiko wa mutum saƙo, kwamfutar masu manhajar takan miƙa sanarwar ga ta Apple ko ta Google. Ita kuma waya tana riƙe da igiyar sadarwa guda ɗaya zuwa can dare da rana, kuma ta wannan igiya sanarwar manhajoji masu yawa ke shigowa. Watau sanarwa takan ratsa zango uku, kuma a kowane zango tana iya makalewa.

Dalilan jinkiri mafi girma guda uku ne. Na farko, yankewar intanet. Idan waya ba ta kan layi, Google kan ajiye sanarwa har tsawon kwana 28, Apple kuwa ta ƙarshe kaɗai yakan ajiye wa kowace manhaja, ya zubar da na baya. Na biyu, tattalin batir. Tun daga Android 6.0 na 2015, wayar da aka ajiye ba a taɓa ta ba takan yi gyangyaɗi, ta tsare sanarwar da ba ta gaggawa ba sai ta farka. Na uku, izini. Daga Android 13 na 2022, manhajar da aka sa sabuwa ba ta da ikon nuna sanarwa sai mai wayar ya yarda.

To, me ya sa jiran ke damun zuciya haka? Masana halayyar ɗan Adam kan kawo gwajin da Ferster da Skinner suka buga a Amurka a 1957. Sun nuna cewa tantabarar da ba ta san lokacin da hatsi zai faɗo ba takan dage da saran maɓalli, ba ta saurin dainawa. Haka mai waya yake: da yake bai san sa'ad da ƙarar za ta zo ba, sai ya yi ta dubawa.

Lamarin ya wuce damuwar zuciya kawai. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ciniki mai yawa a Nijeriya ya koma ga tura kuɗi ta waya, kalmar "alat" kuwa ta zauna daram a bakin 'yan kasuwa. Mai kaya kan riƙe mai saye har alat ya shigo, ko ta manhajar banki ko ta gajeren saƙon layi. Alhali kuwa kuɗi na iya shiga asusu sanarwa ba ta zo ba, macuci kuma na iya aiko da saƙon ƙarya babu ko kwabo a bayansa.

Abin lura ke nan ga malamai da ɗalibansu: sanarwa ɗan aike ce kawai. Zuwanta ba hujja ba ne, shirunta kuma ba shaida ba ne cewa ba a aiko ba. Wanda ke son tabbaci sai ya buɗe manhajar ya duba asusunsa da idonsa, maimakon ya zauna jiran gawon shanu.