Makulli na biyu: wanne ya dace da mai rubuta manhaja a Maraɗi?

Tun watan Maris na 2023 GitHub, inda miliyoyin masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya fara tilasta wa masu zuba aiki su ƙara mataki na biyu na tantancewa bayan kalmar sirri. PyPI, rumbun manhajojin Python, ya bi sahu daga farkon 2024. Dalili kuwa, in ɓarawo ya shiga asusun mai manhaja, yana iya cusa mugun abu cikin aikin da dubban mutane ke saukewa. Dokar ta hau kan ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kamar yadda ta hau kan injiniyan Amurka.

Hanya ta farko ta ƙara wannan mataki, kuma mafi sauƙi, ita ce lambar da ake turowa ta saƙon waya, amma ita ce mafi rauni. In rezo ya ɗauke, ko ka ƙetare ta Ɗan Isa zuwa Jibiya ka sauya layi, lambar ba za ta iso ka ba. Macuci kuma yana iya karɓe layinka na Airtel, Moov ko Zamani ta hanyar yaudara. PyPI ma ba ya karɓar wannan hanya.

Ta biyu ita ce manhajar lambobi irin Google Authenticator ko Aegis. Duk bayan daƙiƙa 30 tana fito da sabuwar lamba mai alƙaluma 6, ba ta buƙatar intanet ko kuɗi, muddin agogon salula yana daidai. Wanda ke Tibiri ko Jiratawa zai samu lambarsa ko da rezo ko babu.

Ta uku ita ce ɗan makullin ƙarfe irin YubiKey da ake soka wa kwamfuta. Ya fi sauran tsaro, domin yana duba adireshin shafi, shafin bogi ba ya ruɗarsa. Sai dai yana da tsada, kuma ana son guda biyu saboda ɓata.

Ga yawancinmu, manhajar lambobi ta wadatar. Abin da ake sakaci da shi shi ne lambobin ceto da ake bayarwa ranar da aka kunna mataki na biyun. GitHub yana ba da 16. In an sace waya babu su, asusun na iya tafiya har abada. Ka rubuta su a takarda yau, ka adana tare da takardar haihuwarka, kada ka bar su cikin wayar.