Sauya Sitiyarin Mota a Gida: Noti Ɗaya, Wayoyi da Yawa

Noti ɗaya ne ke riƙe da sitiyarin mota. A ƙarshen sandar da ta fito daga ƙarƙashin dashbod akwai ƙananan haƙora a zagaye, cibiyar sitiyarin kuma tana da irinsu daga ciki. Haƙoran su shiga juna, a ɗaure da babban noti guda, shi ke nan. Shi ya sa mai mota da ke da sufana da ɗan haƙuri zai iya cire na kamfani ya ɗaura wani cikin awa ɗaya ko biyu a ƙofar gidansa. Sai dai sauƙin kwancewar ya kan rufe wa mutane ido game da abin da ke cikin sitiyarin, domin a motar zamani ba zobe ba ne kawai. Akwai oda a jikinsa, da maɓallan rediyo, da jakar iska, da wayoyin da ke kai wa kwamfutar mota rahoto.

Asalin sitiyarin da ake saya a kasuwa daga filin tseren motoci yake, musamman a Italiya. Enrico Nardi ya fara ƙera nasa na katako da alminiyom a 1951, motocin Ferrari suka ɗauka. Daga baya wani ɗan tsere, Gianpiero Moretti, ya sa aka yi masa ƙarami mai kauri wanda ke cika hannu. John Surtees ya gani ya sa a motarsa ta Ferrari, ya kuma lashe gasar Formula 1 ta 1964 da shi. Daga nan kamfanin Moretti, wato Momo, ya samo suna. Sparco da OMP sun biyo baya, su ma 'yan Italiya ne.

Abin da mai saye ke nema yawanci shi ne ƙanƙanta da daɗin riƙo. Sitiyarin kamfani a ƙananan motoci faɗinsa kan kai milimita 370 zuwa 390, na kasuwa kuwa 320 zuwa 350. Ƙaramin yana ba gwiwa wuri, hannu kuma ba ya yin doguwar tafiya kafin mota ta juya. Amma ba kyauta ba ne. Sitiyari kamar hannun sufana yake, gajartarsa ƙarin ƙarfi take nema. Wanda ya sauka daga 380 zuwa 330 zai ƙara kusan kashi 15 cikin ɗari a kan ƙarfin da yake sawa, kuma a motar da ba ta da fawa, ranar da aka zo fakin a lungu ake jin wannan a kafaɗa. Ƙaramin zobe kuma kan tare agogon gudu, direba ya koma leƙe.

Sabon sitiyarin ba ya zama kai tsaye a kan sanda. Sai da mahaɗi, wanda bakanikai ke kira bos kit: gefensa ɗaya yana da haƙoran da suka dace da sandar wannan mota, ɗaya gefen kuma ramuka shida na sukurori. Kowace mota da nata, domin yawan haƙora da kaurin sanda sun bambanta tsakanin Toyota da Honda da Volkswagen, wani lokaci ma tsakanin shekara da shekara. Ramukan shida su ma iri biyu ne. Na Momo da Sparco da OMP suna kan da'ira mai faɗin milimita 70, na Nardi kuwa 74. Bambancin ba ya ganuwa da ido, sai an zo ɗaurewa. Mahaɗin da aka tura da guduma, ko aka goge haƙoransa da zarto don ya shiga, bai shiga ba, jiran ranarsa yake.

Kafin a sayi komai, tambaya ɗaya ce ke raba aikin gida biyu: motar tana da jakar iska a sitiyari ko ba ta da ita? Tsofaffin motoci irin su Fijo 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ko Volkswagen Golf ta biyu, ba su da ita. A cikinsu wayar oda ce kaɗai, kuma mai su bai rasa komai ba idan ya sauya. Motocin da suka biyo baya labarinsu daban ne. Mercedes-Benz ta fara sa jakar a manyan motocinta a farkon shekarun 1980, Amurka kuma ta wajabta ta a kujerun gaba na ƙananan motoci daga samfurin 1998. Kusan duk motar Beljiyam da ke yawo yanzu tana da ita, ana ganewa da rubutun SRS a tsakiyar sitiyari.

Jakar tana buɗewa cikin kusan kashi 30 daga dubu na daƙiƙa, ƙiftawar ido ma ta fi wannan jinkiri. Kuma ba ita kaɗai take aiki ba. Bel ɗin motocin zamani an yi shi ne ya ɗaure direba da ƙarfi a farkon karo, sannan ya ɗan saki don kada ya karya ƙirji, bisa lissafin cewa jaka na gaba za ta tare sauran. Idan aka cire jakar, bel zai yi sakin nan kamar yadda aka tsara masa, fuska kuma ta sauka a kan ƙarfe da sukurori shida. 'Yan tsere suna iya zama da sitiyari tsirara ne saboda suna da hular kwano da bel mai igiya biyar ko shida. Mai zuwa kasuwa da kai yara makaranta ba shi da ko ɗaya. Ga irin wannan mota, abin da ya fi hankali shi ne a kai tsohon a sake masa fata, ko a nemi na wani samfuri daga kamfani ɗaya wanda jakarsa da wayoyinsa suka dace.

Hukumomi ma ba su ɗauki abin da wasa ba. A Birtaniya, motar da aka cire wa jakar da ta zo da ita ba ta wuce gwajin shekara-shekara na MOT. A Jamus sai sitiyari yana da takardar amincewa kafin ya hau titi. Kamfanin inshora kuma na iya kafa hujja da sauyin da ba a sanar da shi ba.

Aikin kansa yana farawa ne da daidaita mota. A tsayar da ita a wuri mai lebur, tayoyin gaba suna kallon gaba sak. A kashe, a cire kan batir mai alamar ragi, a kawar da shi gefe yadda ba zai koma ya taɓa ba. Sannan a jira. Akwai wuta da ke saura a na'urar jakar iska bayan an cire batir: Toyota kan ce daƙiƙa 90, Honda minti 3, masu taka-tsantsan kuma kan ba shi minti 10. A bayan sitiyari ko gefensa akwai sukurori biyu, ko ramukan da ake tura sukurudireba a saki ƙugiya. Jakar za ta fito da wayoyi masu soket rawaya, kuma rawaya a mota alama ce ta wannan layi. A cire su a hankali, a ɗauki jakar fuskarta ba ta kallon jiki, a ajiye ta nesa fuskar tana sama. Idan aka kifa ta kuma ta tashi, ita ce za ta yi tsalle kamar dutse. Ba a gwada ta da mitar rewaya, domin 'yar wutar mitar na iya tayar da ita.

Daga nan sai babban notin. Kafin a taɓa shi, a ja layi da maka daga kan sanda zuwa cibiyar sitiyari. A sassauta notin amma kada a cire shi gaba ɗaya, a bar shi a kan zare biyu ko uku. Sitiyarin da ya shekara ashirin a wurinsa ba ya fita da lallami, sai an girgiza shi hagu da dama ana ja, kuma idan ya saki, lokaci ɗaya yake saki. Notin da aka bari shi ne ke tsakanin ƙarfe da hancin mai ja. Wanda ya ƙi fita akwai abin jansa na musamman, guduma a kan sanda kuwa ɓata ta take yi.

A ƙarƙashi akwai wani faifan roba da ba a ba shi muhimmanci sai ya lalace. Cikinsa siririyar waya ce mai faɗi, a naɗe kamar tabarma, ita ke kai wuta ga oda da jaka yayin da sitiyari ke juyawa. Zagaye biyar ne kusan iyakarta, biyu da rabi kowane gefe. Da zarar an zare sitiyari, a manne faifan da salatif don kada ya motsa. Idan ya juya ba a sani ba, ranar da aka murɗa sitiyari har ƙarshe wayar za ta tsinke, oda ta mutu, fitilar SRS ta kama. A motoci masu na'urar hana santsi, abin da ke auna kusurwar sitiyari yana nan kusa, shi ma in ya goce sai an saita shi da kwamfuta.

A zura mahaɗi alamarsa tana sama, a lura ɗan ƙahon da ke kashe sigina bayan kwana ya faɗa wurinsa. Notin yana da awonsa, tsakanin 35 zuwa 50 na ma'aunin Nm a yawancin ƙananan motoci, kuma littafin motar ne ke da ainihin lambar. Ɗauri da ƙafa a kan sufana fasa mahaɗin alminiyom yake yi. A haɗa wayar oda, a ɗora sitiyari, a ɗaure sukurori shida a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba.

Masu cire jaka kan toshe soket ɗinta da 'yar rezista mai ohm 2 zuwa 3, don kwamfuta ta zaci jakar tana nan. Amfaninta shi ne fitila ta mutu, sauran jakunkuna su ci gaba da aiki. Illarta kuwa, mota ta daina faɗin gaskiya, kuma wanda ya saye ta daga baya ba zai sani ba sai an gaya masa.

Sitiyari na jabu sun cika kasuwa, da tambarin manyan kamfanoni a jikinsu. A dafa gwiwa a cibiya a ja zoben da hannu biyu: wanda ya lanƙwashe a shago zai lanƙwashe a hanya.

Bayan an mayar da kan batir, a kunna makulli daga gefe, ba daga kujerar direba ba. A gwada oda da sigina, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ana sauraron ƙara ko gogayya. Sai a fita a hankali a kan miƙaƙƙen titi. Idan sitiyari ya karkace sosai mota kuma tana tafiya daidai, haƙori ɗaya aka tsallake, sai a sake zarewa. Idan karkatar kaɗan ce, aikin mai alayimen ne. Bayan mako guda a sake bin sukurorin shida a ɗaure, domin sukan ɗan saki.