Daga gida zuwa garka: mai kare da namun bakin kogi a Gamkalle

A biranen Turai da Amurka, mutum kan sa wa karensa igiya safe da yamma, ya fita da shi shan iska. A Gamkalle kuwa kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin garka, shi ke tsaron awaki, shi ke kwana a bakin ƙofa. Malaman addini ma sun yarda a ajiye kare don gadin gona, da kiwo, da farauta. Yawonsa shi ne rakiyar uban gidansa: su gangara bakin kogi da asuba, su hauro bayan magariba. To, waɗannan lokuta biyu su ne kuma lokutan da namun bakin kogi ke kai da kawo.

Wanda ya san Yamai ya san shimfiɗar unguwar. Tana gaɓar hagu ta kogin Isa, ƙasa da gadar Kennedy. Daga gidaje sai gangare, daga gangare sai garake na salati da shu da tumatir, ga kuma majema inda ake gyaran fatu. In aka ci gaba da bin ruwa, sai fadamun shinkafa na Saga. Duk inda ruwa da ciyawa da juji suka haɗu, kusu ba ya rasa wurin zama. Inda kusu ya yi yawa kuwa, maciji na nan kusa.

Masu garka da yawa sukan saki kare ya yi gaba. Hujjarsu ita ce hancinsa ya fi idon mutum, shi zai fara jin abin da ke ɓoye. Gaskiya ne hancinsa ya fi. Amma mu a ganinmu, sakakken kare ba gargaɗi kawai yake yi ba, tsokana yake yi. Ya tono abin da ke kwance, in abin ya fi ƙarfinsa ya sheƙo da gudu wurin mai shi, masifar na biye da shi. Karen da ke cikin igiya yana ba da labari iri ɗaya: ya tsaya cik, ya miƙe kunnuwa, ya yi gurnani. Bambancin shi ne mai igiya na da ikon ja da baya. Igiya mai tsawon mita 2 ta isa, da ƙulli wanda ba ya zargewa a wuya. Kada a ba ƙaramin yaro riƙon babban kare, don karen ne zai ja shi.

Macizan hanya

Uku ne suka fi damun manomi a ƙasarmu. Ta farko kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa. Ƙarama ce, sau da yawa ba ta wuce rabin mita ba, launinta na ƙasa. In ta ji motsi takan naɗe, ta goga jikinta da jikinta, ta yi wata ƙara kamar an ɗiga ruwa a kan kasko mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya yini yana hira, a ɗauka abin ya zo da sauƙi, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi, ko ta fitsari, ko ta wani tsohon miki. Wannan jinkiri shi ke yaudarar mutane su zauna gida.

Ta biyu kasa, mai kauri da nauyin jiki. Ita ba ta gudu. Tana kwance a kan turba, ta dogara ga kamarta da busasshen ganye, sai an taka ta. Na uku kumurci, mai fasa kai ya feso dafi, kuma ido yake nufi, daga nisan mita 2 ko fiye. Karnuka sun fi kowa shan wannan feshi, don su ke kai fuska kusa. Ko mutum ne ko kare, maganin farko ɗaya ne: a wanke idon nan take da ruwa mai yawa, a yi ta zubawa, kada a murza, sannan a nemi likita.

Kogin Isa na cika sau biyu a Yamai. Akwai jan ruwa na watannin Agusta da Satumba, wanda ruwan sama na yankinmu ke kawowa, akwai kuma ruwan da ke tasowa daga duwatsun Gine, ya iso nan wajen Disamba da Janairu. A watan Satumba na 2020 ruwa ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya ci gidaje da gonaki masu yawa. Duk lokacin da ruwa ya hau, ramukan gaɓa na cika, kusu da maciji su hauro tudu. A irin waɗannan makonni, tarin bulo, da ƙirare, da gindin katanga a tsakiyar unguwa sun zama abin lura daidai da ciyawar bakin ruwa.

Kayan tafiya ba su da tsada: tocila mai haske sosai, sanda, da takalmin roba mai dogon wuya. Hasken wayar salula bai isa ba, silifa kuma ba ta tare komai. A bi tsakiyar turba, a haska ƙasa, a riƙe kare a gefen ƙafa. In ya nace wa wani rami ko wani tarin ciyawa, a janye shi, kada a sa hannu don a ga abin da ya gani. In an yi ido biyu da maciji, a ja da baya a hankali a ba shi hanya. Mutane da dama wajen ƙoƙarin kisa suke samun sara.

In ƙaddara ta faɗa, ga abin yi. A nisanta daga wurin. A cire zobe, da awarwaro, da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A kwantar da mutum, a ɗaura wa ƙafar ko hannun itace kamar yadda ake yi wa karaya don kada ya motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ya taka da ƙafarsa ba. Kada a ɗaure da roba ko igiya tamau, wannan ɗauri ya sa an yanke ƙafafu da yawa. Kada a tsaga, kada a tsotsa. Baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. Mun san darajar masu maganin gargajiya a idon jama'a, mun kuma san dalilin da ya sa ake yaba su: ba kowane maciji ke da dafi ba, kuma mai dafin ma wani lokaci yakan yi sara bai zuba komai ba, sai mutum ya warke a ce magani ya ci. Amma in dafin kububuwa ya shiga jini, allurar kashe dafi ta asibiti ce kawai ke tsayar da shi. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Dorina

Zabarmawa na kiranta banga. An fi saninta a sama, wajen Ayeru da Bubon, amma kogi hanya ce, kuma tana bin sa har kewayen Yamai. A watan Nuwamba na 2014, a Libore, ƙasa da birni a kan hanyar Kollo, dorina ta kifar da jirgin da ke ƙetarar da ƴan makaranta. Mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara.

Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama ya gan ta kwance cikin ruwa, sai ya ɗauka ragguwa ce. Nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, amma a tudu tana gudun da ya kai kilomita 30 a awa, ba mai tsere mata. Da rana tana ruwa. Da dare take fitowa kiwo, ta ci burgu, ta ci shinkafa, ta koma kafin gari ya waye, kuma yawanci ta hanyar da ta fito. Don haka mai sammako zuwa bakin ruwa ya duba ƙasa. Sawu mai faɗi da yatsu huɗu, da kashi a warwatse jikin ciyawa, alamar turbarta ce. Babban haɗari shi ne mutum ya sami kansa tsakaninta da ruwa, ko kusa da uwa mai ɗa. In ta wage baki kamar mai hamma, ba barci take ji ba, kashedi ne.

A nan ne sakakken kare ya fi zama fitina. Haushinsa ba ya korar dorina, sai dai ya harzuƙa ta. A janye shi tun daga nesa, a hau tudu, a sa itace ko katanga a tsakani. In kuwa ta riga ta taso, a saki igiyar: kare ya fi mutum sauri, zai nemi hanyarsa. Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe dorina. A 2017, bayan ɓarnar gonaki ta tunzura jama'a har aka kashe dorinai fiye da 20 a yankin Ayeru, gwamnati ta keɓe musu wani sashe na kogi. Wanda ya ga dorina kusa da garake ya sanar da mai unguwa da ma'aikatan gandun daji, ya kuma faɗa wa masu wanki da masunta.

Karen da ba shi da gida

Mu faɗi gaskiya: mai garka zai iya shekaru bai haɗu da dorina ba, amma da wuya ya yi mako bai haɗu da karnuka marasa gida ba. Ƙarnin fatu da na juji na tara su. In suka taso, kada a ruga. A tsaya, a juya musu gefe, kada a ƙura musu ido, a ja da baya sannu. In faɗa ya kaure tsakaninsu da naka, kada ka sa hannu ko ƙafa don rabo. Sanda, ko bokitin ruwa, ko tsawa.

Abin tsoro a cizon kare ba mikin ba ne, ciwon hauka ne. Ƙwayar cutar na cikin yawun dabba. Takan bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Miki ya daɗe da warkewa, an manta, sai zazzaɓi, sai firgita, sai mutum ya kasa haɗiyar ruwa. Da zarar alamun sun bayyana, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga kare suke samunsa. Dila da sauran namun daji na ɗauke da shi su ma, haka kuma yana kama saniya da akuya da jaki.

Ba kowane mahaukacin kare ke cizo yana dalalar da yawu a titi ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙinsa ya saki, kamar ƙashi ya maƙale masa. Mai shi ya ji tausayi ya sa hannu a baki don ya ciro. Kada a yi haka.

Wanda kare ya ciza ko ya yakushe, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15. Minti 15 na da tsawo, a duba agogo. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙonannen gashin karen. Daga nan sai asibiti a ranar, don a fara allurai, kuma a cika su duka bisa ranakun da aka rubuta. Wannan rigakafi ba sabo ba ne: tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro da shi a Faransa. Karen da ya yi cizon, in an san shi, kada a kashe a yar. A ɗaure shi, likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10 zuwa 15. Amma mutum ba ya jiran ƙarshen kwanakin kafin ya fara nasa allurai. In karen ya mutu, ma'aikatan kiwo ne za su kai kansa ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL a nan Yamai.

Wasu na ganin a zuba guba a huta. Tsugune ba ta ƙare ba: gubar na kashe karen gadi da ungulu, kuma kafin shekara wasu karnukan sun maye gurbi. Abin da aka gwada ya yi aiki shi ne allura. A Njamena, babban birnin Cadi, an yi gangamin yi wa karnuka rigakafi a 2012 da 2013, aka samu kimanin 7 cikin 10, cutar ta yi ƙasa ƙwarai a birnin. Masana sun ce wannan adadi, 7 cikin 10, shi ne ke yanke mata hanya.

Akwai wata cuta kuma da ta shafi masu garka. Wani bincike da aka buga a 2015 ya sami ƙwayar leftosfira, mai kawo zazzaɓi da shawara, a jikin kusan garaken bakin kogi na Yamai. Ta fitsarin kusu take shiga ruwa. Kada a bar kare ya sha ruwan kwatami, mai miki a ƙafa kuma kada ya shiga ban ruwa ba takalmi.

Ɗan kwikwiyo na karɓar allurar hauka ta farko yana da wata 3, a maimaita kowace shekara ko yadda likitan dabbobi ya tsara. Ana ba da kati mai kwanan wata da hatimi. A adana shi tare da takardun gida, don ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci, shi ne abin da za a fara tambaya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare a duniya. Masu garakan da ke maƙwabtaka na iya haɗa kai kafin ranar, su ƙidaya karnukansu, su je wurin ma'aikatan kiwo na gundumarsu a tsayar musu da rana guda.